Ethiopian Airlines: sunan da ya yi, da abin da fasinjan Yamai yake tararwa

A ranar 7 ga Agustan 2023 kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da rufe sararin samaniyar ƙasa. A watan Satumba an sake buɗe samaniyar, amma hukumomin Nijar suka haramta ta ga jiragen Faransa. Daga nan lissafin matafiyi ya canza. Wanda a da yake shiga jirgi da dare ya wayi gari a Paris, dole ya zaɓi inda zai yada zango: Santambul da Turkish Airlines, Kasablanka da Royal Air Maroc, Lome da ASKY, ko Adis Ababa da Ethiopian Airlines. Ga ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Gwanzu, da masu kai marasa lafiya Indiya, da masu Umara, hanyar Adis Ababa tsohuwar hanya ce, kuma sunan Ethiopian shi ya fi yawo a bakin masu sayar da tikiti.

In ka zauna a ɗaya daga cikin ofisoshin sayar da tikiti na unguwar Plateau ko na kewayen Babbar Kasuwa, tambaya ɗaya za ka riƙa ji: “Wane jirgi ya fi kyau?” Mai tikiti ya ce Ethiopian shi ne na ɗaya a Afirka, ya sha karɓar lambar yabo. Alhajin da ke gefe ya ce shi kam ya taɓa kwana biyar yana jiran akwatinsa. Duk su biyun suna iya zama masu gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Abin da muke kira sunan kamfanin jirgi ya ƙunshi ko zai kai ka lafiya, da yadda zai kula da kai a cikin jirgi, da kuma yadda zai yi da kai ranar da al’amari ya ɓaci. Lambar yabo ta fi duba na tsakiyan. Mu kuwa a nan na ƙarshen ne yake cinye mana dukiya da lokaci, kuma shi ne ba wanda yake aunawa.

Sai dai kafin a kai can, ya kamata a ba kamfanin haƙƙinsa, don sunan nan ba a banza ya same shi ba.

An kafa shi a watan Disamban 1945, zamanin Sarki Haile Selassie, ya fara tashi ranar 8 ga Afrilun 1946 daga Adis Ababa zuwa Alƙahira ta Asmara, da tsofaffin jiragen soja samfurin DC-3 da aka saya bayan yaƙin duniya na biyu. Kamfanin TWA na Amurka ne ya kawo matuƙa da makanikai da manajoji. Amma yarjejeniyar ta tafi ne a kan cewa ƴan ƙasa za su koyi aikin su karɓe shi, kuma haka aka yi. A 1957 Alemayehu Abebe ya zama kyaftin na farko ɗan Habasha. A 1971 Semret Medhane ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci kamfanin. Tun farkon shekarun 1960 jiragensa suke ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma, lokacin da mutumin Akara in zai je Nairobi sai ya bi ta Turai. A 1973 ya fara zuwa Sin, shekaru da dama kafin ƴan kasuwarmu su san hanyar Gwanzu.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne zamanin mulkin soja na Derg, daga 1974 zuwa 1991. Gwamnatin ta koma ɓangaren Tarayyar Sobiyet, ta ƙwace bankuna da masana’antu da filaye. Duk da haka kamfanin jirgin ya ci gaba da sayen Boeing na Amurka, har ya karɓi samfurin 767 a 1984. Kyaftin Mohammed Ahmed, wanda ya shugabance shi daga 1980, ya rage ma’aikata ya tafiyar da shi a matsayin kasuwanci. Kamfanin mallakar gwamnati ne ɗari bisa ɗari har gobe, amma gwamnatocin da suka biyo juna, na sarauta da na soja da na farar hula, sun bar ma’aikatan da suka tashi a cikinsa su riƙe ragamarsa. Tewolde GebreMariam, wanda ya shugabance shi daga 2011 zuwa 2022, daga sashen kaya ya faro. Mesfin Tasew da ya gaje shi injiniya ne da ya shafe shekaru a kamfanin, kuma kafin a naɗa shi, shi ne shugaban ASKY a Lome.

Mu ƴan Nijar mun san ɗaya fuskar wannan labari, don muna cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique da yarjejeniyar Yawunde a 1961. Dattawan Yamai har yanzu suna tuna shi da kewa. Kowace ƙasa tana son a ɗauki ƴaƴanta aiki, kowace fada tana son jirgi ya jira tawagarta, gwamnatoci suna karɓar tikiti bashi ba sa biya. Karya darajar sefa a 1994 ta ninka masa bashin da yake biya da dala. Ya kai ga ma’aikata sama da 4,000 a kan jiragen da ba su kai goma ba, ya durƙushe a 2002. Kamfanoni biyu na gwamnati, a nahiya ɗaya, a zamani ɗaya. Ɗaya aka bar masu aikin suka yi aikinsu, ɗaya aka mai da shi rabon gado.

Yau Ethiopian yana da jirage sama da 140, yana sauka a birane fiye da 60 a Afirka. Ya shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, ƙungiyar kamfanonin jirage da irin su Lufthansa da United da Turkish Airlines suke ciki. Shi ne na farko a Afirka da ya karɓi Boeing 787 a 2012, da Airbus A350 a 2016. A shekarar kuɗinsa ta 2023/24 ya ɗauki fasinja miliyan 17.1, kuɗin shigarsa ya haura dala biliyan 7. Yana da makarantar horar da matuƙa da makanikai, da wurin gyaran jirage da wasu kamfanonin Afirka suke kai nasu. Lokacin annobar korona, sa’ad da manyan kamfanoni suka ajiye jirage suna roƙon gwamnatocinsu tallafi, shi cire kujeru ya yi daga wasu jiragen fasinja ya koma dakon magani da kayan asibiti.

Batun isa lafiya shi ne kan gaba, kuma a nan ne mutane suka fi yanke hukunci da tsoro maimakon da sani. Kamfanin ya ga baƙin ciki fiye da sau ɗaya. A 1996 ƴan fashi suka karkatar da jirginsa har mai ya ƙare ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 suka rasu. A 2010 wani ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Beirut da mutum 90. Sai na ranar 10 ga Maris 2019, wanda kowa ke tunawa: sabon Boeing 737 MAX 8, ya tashi zuwa Nairobi, minti shida ya faɗo kusa da garin Bishoftu na Habasha, mutum 157 daga ƙasashe 35, babu wanda ya tsira.

Wata biyar kafin nan, irin wannan jirgi na kamfanin Lion Air ya faɗi a Indonesiya da mutum 189. A duka biyun, wata manhaja da Boeing ya saka, mai suna MCAS, ta karɓi bayanin ƙarya daga na’ura guda ɗaya da ke auna tsayuwar hancin jirgin a iska, ta yi ta dukar da hancin ƙasa matuƙa suna ja tana maimaitawa. Kafin hatsarin farko ba a ma gaya wa matuƙa akwai ta ba. A kwanakin farko an yi ta raɗe-raɗin cewa matuƙan Afirka ne ba su ƙware ba. Habasha ta aika akwatunan naɗar bayanan jirgin Faransa aka karanta, ba ta aika ƙasar da ta ƙera shi ba. An dakatar da samfurin a duniya baki ɗaya kusan wata 20. A Janairun 2021 Boeing ya amince da biyan dala biliyan 2.5 a sasantawa da ma’aikatar shari’ar Amurka, daga baya kuma ya karɓi alhakin hatsarin Habasha a shari’ar iyalan mamata. Gaskiya ne da rahoton ƙarshe ya fito a Disamban 2022, masu bincike na Amurka da na Faransa sun ce bai ba yadda matuƙan suka tafiyar da lamarin isasshen nauyi ba. Wannan saɓani yana nan a rubuce. Amma Ethiopian bai mai da samfurin aiki ba sai ranar 1 ga Fabrairun 2022, bayan yawancin kamfanonin duniya sun daɗe da komawa, kuma ni ina ganin wannan jinkiri mutunta mamata ne da masu rai.

Ga matafiyi, ma’aunin tsaro ba hirar majalisa ba ce. Akwai binciken da ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, take yi wa mambobinta, akwai kuma jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga samaniyarta, wanda take sabuntawa tun 2006. Kamfanin da yake sauka kullum a Frankfurt da London da Washington yana ƙarƙashin idon hukumomin da ba sa wasa. Ta wannan fuska Ethiopian da Turkish da Royal Air Maroc duk suna cikin sahun da mutum zai shiga ya yi addu’ar tafiya hankalinsa kwance.

To ina lambar yabon take? Wadda ake yawan ambata ta Skytrax ce, wani kamfani mai zaman kansa a Ingila, wanda ya sha ba Ethiopian matsayin na ɗaya a Afirka shekara bayan shekara tun 2017. Ƙuri’ar jin ra’ayi ce ta intanet: faɗin kujera, abinci, tsabta, fara’ar ma’aikata, nishaɗin allo. Ba ta auna tsaro, ba ta ƙirga akwatin da ya ɓace. Masu cika ta kuma galibi mutanen da suka saba tafiya ne, masu jin Turanci, masu bin dogayen hanyoyi a manyan sababbin jirage. Hajiyar da ta taso daga Tawa, ta sha kusan kilomita 550 a mota ta Ƙonni da Doso kafin ta ga filin jirgi, ba ta cikin masu ƙuri’a. Lambar ba ƙarya ba ce, amma amsar wata tambaya ce daban da wadda ke damun mu.

Abin da ke damun mu ya samo asali ne daga yadda irin waɗannan kamfanoni suke aiki. Yamai kaɗai ba za ta cika jirgi zuwa Gwanzu kowace rana ba, haka Wagadugu, haka Kano, haka Njamena. Sai kamfani ya tattaro fasinjan dukkan waɗannan birane zuwa cibiya ɗaya, su sauka kusan lokaci guda, a rarraba su cikin jiragen da za su tashi zuwa Asiya da Turai da ƙasashen Larabawa cikin ƴan awoyi. A filin Bole na Adis Ababa, jiragen Afirka suna shigowa da yamma zuwa dare, dogayen hanyoyi su tashi cikin dare, da asuba kuma a juya lissafin. Wannan tsari shi ya sa ɗan Yamai yake iya zuwa Mumbai da tikiti ɗaya. Shi ne kuma tushen yawancin ƙorafi. In jirginka ya makara da awa ɗaya a nan, a can ka rasa na gaba, kuma na gaban wataƙila sai gobe. Kai kana iya gudu ka cimma ƙofa, akwatinka ba ya gudu. Dubban mutane suna cika zaure ɗaya a awa ɗaya, layin bincike ya yi tsawo, wurin zama ya ƙare, banɗaki ya kasa ɗauka. An faɗaɗa Bole a 2019 ya kai ɗaukar fasinja kusan miliyan 22 a shekara, amma girman kamfanin ya kusa cimma shi, shi ya sa suka ɗauko aikin sabon babban fili a wajen Bishoftu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Bole yana kan tudu sama da mita 2,300. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da cikakken nauyinsa, shi ya sa jiragen kamfanin masu zuwa Amurka suke tsayawa shan mai a hanya, wasu a Lome. Zafi ma haka yake yi wa jirgi, kuma mun san abin da Yamai take zama a watan Afrilu da tsakar rana. Ranar da lissafin nauyi bai fita ba, ba fasinja ake saukewa ba, kaya ake bari su biyo jirgin gaba. Hanyoyinmu kuwa hanyoyin kaya ne. Ɗan kasuwa yana dawowa da akwati biyu masu kilo 23 da tikitinsa ya ba shi, ya biya na uku da na huɗu, kowa a jirgin haka. Wannan ba uzuri ba ne ga kowane kamfani, don wanda ya karɓi kuɗin kaya ya ɗauki alkawarin kai su. Amma sanin dalili yana sa mutum ya saka maganinsa da takardunsa da abin da ba ya iya rabuwa da shi a jakar hannu.

Na tsaya wata rana a zauren karɓar kaya na filin jirgin Diori Hamani na Yamai, bayan saukar wani jirgi cikin dare. Belin kaya ya yi ta juyawa har ya tsaya, mutum shida ko bakwai suna tsaye hannu rabbana. Wani dattijo ɗan kasuwa, da ƙaramar jaka a hammata, ya dubi yaron da ya zo tarbarsa ya ce, “Mu tafi, ɗana, in rabonmu ne za su zo.” Yaron ya ce, “Baba, bari mu tambaya tukuna.” Dattijon ya ce ya gaji, gobe ya aiko. Suka fita. Ɗan ƙaramin lasiti mai lamba da aka manna masa a bayan tikiti, wanda shi ne kaɗai shaidar cewa ya ba da kaya, ina kallo ya cusa shi cikin aljihu tare da takardun banza. Ofishin da ake kai ƙarar kaya yana nan taku kaɗan daga inda ya tsaya.

Tawakkali gaskiya ne, amma a wannan ƙofa da ya fita ya bar rabin haƙƙinsa. Ƙa’idar ita ce kafin ka bar zauren ka cika takardar rahoton kaya, wadda ma’aikatan filin jirgi ke kira PIR, a ba ka lambar da ake bin sawun akwatin da ita a kwamfuta ko’ina yake a duniya. A tafiye-tafiyen da yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta shafa, in kaya sun iso a lalace kana da kwana 7 ka rubuta ƙorafi, in sun makara kana da kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka su, in kuma kwana 21 suka wuce ba su zo ba ana ɗaukarsu sun ɓace. Iyakar diyyar tun ƙarshen Disamban 2024 ta kai abin da ya ɗan haura sefa miliyan ɗaya ga kowane fasinja, ba ga kowane akwati ba. A lura da wannan da kyau. Wanda ya cika akwati da wayoyin hannu na miliyan goma, in ya ɓace, iyakar nan ce tasa, sai fa in ya bayyana darajar kayan tun wurin awo ya biya ƙari. Kuma ba a biyan iyakar haka kawai, sai ka nuna rasit. Ƴan kasuwarmu da yawa suna sayayya a Dubai da Gwanzu ba rasit, ko su yar da shi saboda lissafin duwan, ranar asara kuma ba abin nunawa.

Game da makara da soke tashi, bambancin da ke tsakaninmu da fasinjan Turai doka ce ta kawo shi, ba kirkin kamfani ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce duk jirgin da ya taso daga ƙasashenta, ko na wane kamfani ne, in an soke shi ko ya yi doguwar makara ba tare da dalilin da ya fi ƙarfin kamfani ba, fasinja yana da diyyar yuro 250 zuwa 600, wato har kusan jaka 394 na sefa. Saboda haka kamfani ɗaya, ma’aikata ɗaya, amma in daga Brussels ya makara akwai farashi a kansa. Mu ma ba mu rasa doka ba. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, wadda Nijar take ciki har yanzu, ta kafa ƙa’ida tun 2003 a kan diyyar wanda aka hana shiga jirgi alhali yana da tikiti, da wanda aka soke wa tashi ko aka yi wa doguwar makara. Tambayi mutum goma a layin awon kaya ko sun taɓa jin ta. Dokar da fasinja bai sani ba, kamfani ba zai tuna masa ba.

Ethiopian yana da wani tsari da ya cancanci a sani: wanda zangonsa a Adis Ababa ya kama daga awa 8 zuwa 24, kuma babu jirgin da ya fi kusa da zai iya bi, kamfanin yana ba shi masauki da abinci da motar kai da kawowa. Yana ma da babban otal nasa, Skylight, kusa da filin. Sai dai takardar masaukin tun a wurin awon kaya na Yamai ya kamata a tambaye ta. Wanda bai sani ba sai ya kwana a kan kujera alhali ɗakinsa yana cikin kuɗin tikitinsa.

Wani abin da ke rikita hukunci shi ne, yawancin mutanen da fasinja yake haɗuwa da su a ƙasa ba ma’aikatan kamfanin jirgin ba ne. Filin Diori Hamani kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta shi, aka buɗe a 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma shi aka ba tafiyar da shi na shekara 30. Masu awon kaya da masu loda su galibi na kamfanin hidimar ƙasa ne da ke yi wa jirage da dama aiki. Kula da zirga-zirgar sama aikin ASECNA ne, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da dama. Tikitin kuma sau da yawa a hannun ɗan tsakani aka saye shi, wanda ya saka lambar wayarsa a madadin ta matafiyi, sai saƙon canjin lokaci ya tafi wurinsa ya kwana. Wani lokaci tikitin na Ethiopian ne amma jirgin na ASKY ne, wanda Ethiopian ya taimaka aka kafa, ya fara tashi a 2010, yana kuma da hannun jari a ciki. Duk wannan gaskiya ne, amma a wurina bai sauke wa kamfani nauyi ba. Sunansa ne a kan tikiti, shi ya zaɓi waɗanda za su yi masa aiki. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sunan kamfanin ma ba fari fat yake ba. A 2021 tashar CNN ta zarge shi da jigilar makamai lokacin yaƙin Tigray, ya musanta. A 2022 an ba da rahoton matuƙa biyu da barci ya ɗauke a jirgin da ya taso daga Khartum har suka wuce lokacin sauka, kamfanin ya dakatar da su ya buɗe bincike. A 2024 hukumar jiragen saman Eritiriya ta sanar da hana shi zuwa Asmara, tana zarginsa da satar kaya da yawan makara da tsadar tikiti. Kamfanin ya ƙi zargin, kuma kowa ya san dangantakar ƙasashen biyu ta riga ta yi tsami a lokacin. A Nijeriya, shirin kafa Nigeria Air da aka zaɓe shi ya riƙe kashi 49 ya ƙare a kotu. Kamfanin gwamnati duk yadda aka ba shi ƴanci, inuwar gwamnatinsa tana bin sa, kuma mun ga haka da idonmu a kan Air France.

Akwai abu ɗaya da nake ganin babu kamfanin da ya yi mana adalci a kansa, shi ne harshe. A jirgin Ethiopian sanarwa da Amharanci da Turanci take farawa, a na Turkish da Turkanci da Turanci. Ko an ƙara Faransanci, kaso mai yawa na masu tashi daga Yamai Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci suke ji. Tsohon da za shi Umara karon farko, ko matar da ke rakiyar mijinta asibiti, in aka canza ƙofar shiga a Bole ko a Santambul, ba allo ne zai cece su ba, sai wani ɗan uwa matafiyi da Allah ya jefo. Kamfanin da yake kwasar fasinja daga Yamai da Kano da Njamena, ajiye ma’aikaci ɗaya mai jin Hausa a zauren canjin jirgi a lokacin da jiragen yammacin Afirka suke sauka ba zai karya shi ba. Ana iya neman keken guragu da rakiya ga tsoho ko marar lafiya kyauta, amma sai an rubuta buƙatar a tikiti tun kafin ranar tafiya, kuma masu sayar da tikiti kaɗan ne suke tambaya.

Ƙarƙashin duk wannan akwai maganar gasa. Afirka tana da kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya amma rabonta a zirga-zirgar jirage bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Tun 1999 aka cimma shawarar Yamusukro ta buɗe samaniyar nahiyar ga kamfanonin Afirka, aka sake ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya a Adis Ababa a Janairun 2018, amma aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Man jirgi ya fi tsada a nan, haraji da kuɗin fili suna cin babban kaso na tikiti. A hanyar da kamfani goma suke takara, wanda ya wulaƙanta fasinja gobe ba zai gan shi ba. A hanyar da biyu ko uku ne kawai, fasinja zai yi fushi ya rantse, wata mai zuwa ya dawo, don ba shi da wata ƙofa. Ficewar Air France ta rage ƙofa ɗaya, ko mene ne ra’ayin mutum a kan dalilinta.

A nan ne hukumar jiragen saman farar hula ta ƙasa, ANAC, take da aikin da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowane jirgi da ya sauka ko ya tashi a Diori Hamani ana rubuta lokacinsa. Kowace takardar rahoton kaya tana da lamba da kwanan wata. A Amurka ma’aikatar sufuri tana wallafa irin waɗannan alƙaluma kowane wata, kamfani bayan kamfani: nawa suka tashi a kan lokaci, nawa aka soke, kaya nawa suka ɓace, ƙorafi nawa aka kai. In ANAC ta riƙa fitar da namu ko da duk wata uku, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci, ta kuma sa a liƙa ƙa’idar UEMOA da lambar wayar kai ƙara a gaban kowane teburin awo da kuma zauren karɓar kaya, mai sayar da tikiti a Tawa ko Maraɗi zai sami abin da zai nuna wa wanda ya tambaye shi wane jirgi ya fi, kuma manajan kowane kamfani a Yamai zai san cewa hedkwatarsa za ta ga lambarsa kusa da ta abokan takararsa.